Filin Masu Karatu: Kaɗa Waƙoƙin Yayi da Ukulele

Wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan sun fi karkata ga ƙaramar jitar nan mai tsirkiya huɗu da ake kira ukulele. Galibin masu rubutowar sun riga sun mallake ta, abin da ya rage musu shi ne yadda za su fitar da waƙar da suke so daga cikinta. Na zaɓi shida daga cikin wasiƙun, na rage tsawon wasu, amma ban taɓa ma'anar kowa ba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. An ba ni kyautar ukulele wata biyu da suka wuce. Burina kawai in iya kaɗa waƙoƙin da nake ji a rediyo da waya, ba zama makaɗi nake nema ba. Na shiga intanet na tarar da jadawali mai ɗauke da kod fiye da ɗari, sai gwiwata ta yi sanyi. Shin dole ne in haddace su duka kafin in kaɗa waƙa ko ɗaya? Daga wani ɗalibi.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ajiye wannan jadawalin a gefe, domin an yi shi ne don a riƙa dubawa idan buƙata ta taso, kamar yadda ake duba ƙamus, kuma babu wanda ya haddace ƙamus kafin ya fara magana. Kod, ga wanda bai san kalmar ba, haɗin sautuka uku ne ko fiye da ake kaɗawa a lokaci guda, su zama shimfiɗar da muryar mawaƙi take tafiya a kanta. Guda huɗu sun ishe ka farawa, su ne C da G da Am da F.

Idan ka rungumi ukulele a ƙirjinka, wuyanta yana fuskantar hagu, tsirkiyar da ta fi kusa da haɓarka ita ce G, sai C, sai E, sannan A wadda ta fi kusa da ƙasa. A jikin wuyan an gitta siraran ƙarafa, tsakanin kowane ƙarfe biyu akwai gurbi, kuma ana ƙidaya guraben ne daga wajen kai zuwa wajen ciki. Masu rubuta kod sukan ba da lamba huɗu a jere, kowace lamba tana faɗa maka gurbin da za ka danna a kan tsirkiyoyin bi da bi daga G zuwa A, sifiri kuwa yana nufin a bar tsirkiyar sake. A wannan tsarin, C shi ne 0003, wato yatsan zobe kaɗai za ka ɗora a gurbi na uku na tsirkiyar ƙasa. Am shi ne 2000, yatsan tsakiya a gurbi na biyu na tsirkiyar sama. F shi ne 2010, wanda Am ne aka ƙara masa manuniya a gurbi na farko na tsirkiyar E. G ne kawai mai ɗan wuya, domin 0232 yana cin yatsu uku, manuniya a kan C, yatsan tsakiya a kan A, yatsan zobe a kan E, su tashi kamar alwatika. Ka danna da kan yatsa, dab da bayan ƙarfen, ka kuma yanke farcen hannun hagu, domin farce mai tsawo shi ne ke sa tsirkiya ta yi zuga maimakon amo.

Dalilin da ya sa waɗannan huɗun suka isa shi ne, a tsanin sauti mai matakala bakwai wanda ya fara daga C, su ne suke zaune a matakala ta ɗaya da ta biyar da ta shida da ta huɗu, kuma ɗimbin waƙoƙin yayi na duniya an gina su ne a kan waɗannan matakalu, ana jujjuya jerinsu kawai. Wata waƙar za ta tafi C, G, Am, F, wata ta fara da Am ta bi da F, C, G, wata kuma ta bi C, Am, F, G, wanda shi ne jerin da ya cika waƙoƙin Amurka na shekarun 1950. Idan ka zauna ka kaɗa kowane kod sau huɗu a jeri na farko, kana maimaitawa, ba za ka yi minti biyu ba waƙoƙi uku ko huɗu za su faɗo maka a rai.

Abin da kake nema ma shi ne aikin da aka san ukulele da shi tun asali. A watan Agusta na shekarar 1879 wani jirgin ruwa mai suna Ravenscrag ya sauke baƙi daga tsibirin Madeira na ƙasar Fotugal a Honolulu da ke tsibiran Hawai, cikinsu akwai kafintoci uku, Manuel Nunes da Augusto Dias da José do Espírito Santo, waɗanda daga baya suka fara ƙera wannan abin kiɗa bisa ƙananan jitocin ƙasarsu. Mutanen Hawai suka karɓe ta, suka sa mata suna wanda aka fi fassarawa da "ƙuma mai tsalle", Sarki Kalakaua kuma ya shigar da ita tarukan fadarsa. Bayan baje kolin duniya da aka yi a San Francisco a 1915 ta bazu a Amurka, har ta kai a shekarun 1920 masu buga takardun waƙoƙin yayi suna ɗora zanen kod ɗin ukulele a saman baitoci, domin mai saye ya koma gida ya raka muryarsa. Shekara ɗari ke nan mutane suna yin abin da kake shirin yi.

TAMBAYA: Malam, barka da ƙoƙari. Na iya kod shida, kowanne yana fita tas idan na kaɗa shi shi kaɗai. Amma da zarar na ɗauko waƙa sai in riƙa tsayawa a duk inda za a sauya kod, har waƙar ta fita daga kamanninta, ƙanwata ma ta ce ba ta gane abin da nake kaɗawa. Ina matsalar take? Daga wata malamar makaranta.

AMSA: Malama, ƙanwarki ta faɗi gaskiya, kuma ta taimake ki, domin kunnen mai sauraro yana yafe kod ɗin da ya fito da ɗan datti, amma ba ya yafe tsayawa. Abin da ke sa a gane waƙa shi ne karinta, karin kuwa yana hannun dama. Masu koyo sukan zuba ido a kan hannun hagu saboda shi ne mai lambobi da zane, su bar na dama yana jiran umarni, alhali shi ya kamata ya riƙa tafiya kamar agogo, na hagu ya yi ta ƙoƙarin cim masa.

Na taɓa zama da wata yarinya da ke da irin wannan matsalar, kuma abin da na fara yi shi ne na hana ta danna kod gaba ɗaya. Na ce ta ɗora yatsun hagu a kan tsirkiyoyin a kwance ba tare da dannawa ba, yadda duk bugu zai fito "cak" babu amo, sannan ta bi waƙar da muka kunna da hannun dama kaɗai daga farko har ƙarshe. A zagaye na farko kafaɗarta ta ɗaga har kusa da kunne, hannun ya sandare, tana kaɗawa daga gwiwar hannu kamar mai sara. A zagaye na uku kafaɗar ta sauka, wuyan hannun ya saki, sai ga ƙafarta tana taka ƙasa ba da saninta ba. A nan ne na ce ta mayar da kod ɗin, da sharaɗin ko yatsun hagu sun isa ko ba su isa ba, hannun dama ba zai jira su ba. Bugu biyu ko uku sun fito a kan tsirkiya sake, ta ɓata fuska, amma mahaifiyarta da ke ɗaki na gaba ta ɗauki waƙar da baki, wanda hakan bai taɓa faruwa ba a wata uku da yarinyar ta yi tana koyo.

Ga yadda za ki yi. Ki kaɗa da manuniya a daidai inda wuyan ukulele ya haɗu da cikinta, bayan farce ya shafi tsirkiyoyi idan hannu zai sauka, tsokar yatsa ta shafe su idan zai hau. Mafi yawan waƙoƙin yayi ana ƙidaya su ne huɗu-huɗu, saboda haka ki ƙidaya da baki, "ɗaya-da, biyu-da, uku-da, huɗu-da", hannu ya sauka a kan kowace lamba, ya hau a kan kowane "da". Motsi takwas ke nan, kuma wannan motsin ba ya canzawa. Abin da ake kira salon kiɗa zaɓi ne kawai na inda yatsa zai taɓa tsirkiya da inda zai wuce ta a iska. Salon da ya fi shahara a ukulele, wanda ake faɗa da baki "ƙasa, ƙasa-sama, sama-ƙasa-sama", yana taɓawa sau shida ne cikin takwas ɗin: ana tsallake hawan da ke bayan ɗaya, ana kuma tsallake saukar da ke kan uku. Wannan saukar ta uku da ake yi a iska ita ce take kayar da kowa, domin mai koyo yakan tsayar da hannu a wurin maimakon ya bar shi ya sauka shiru, sai ya rasa ta inda zai hau.

Game da hannun hagu, ki nemi yatsan da ba ya buƙatar tashi. Daga Am zuwa F yatsan tsakiya yana nan inda yake, manuniya kawai za ki sauke. Daga F zuwa G babu yatsan da zai zauna, shi ya sa nan ne kowa yake tuntuɓe, amma akwai G7, wato 0212, wanda manuniya take zama a gurbinta idan an taho daga F, kuma a waƙoƙi da yawa yana tsayawa a madadin G, musamman idan C ne zai biyo baya. Daga G zuwa Em, wanda shi ne 0432, ba sai kin rushe komai ba, ki bar G yadda yake ki ƙara ƙaramin yatsa a gurbi na huɗu na tsirkiyar C. Wani sirrin da makaɗa ba su cika faɗa ba shi ne, suna ɗaga yatsunsu tun a "da" na ƙarshe, wato hawan da ke bayan huɗu, su bar shi ya kaɗu a kan tsirkiya sake, domin su sauka a kan sabon kod daidai lokacin da ɗaya ta zo. Idan kika saurari masu kaɗa jita da kyau za ki ji wannan ɗan amon a tsakanin kod da kod, kuma babu wanda ya taɓa ɗaukarsa kuskure.

Ki sauke manhajar ƙidayar bugu, wadda ake kira metironom, ki sa ta a bugu 60 a minti, ki ɗauki kod biyu kacal ki yi ta kaiwa da komowa a tsakaninsu. Idan kin yi minti guda ba tare da tsayawa ba, ki ƙara bugu biyar. Minti goma sha biyar kullum ya fi awa biyu a rana ɗaya ta mako nesa ba kusa ba, domin yatsu ta hanyar maimaici suke koyo, kuma da rarrafe yaro kan tashi.

TAMBAYA: Malam, sabuwar ukulele na saya, amma ko na saita ta yanzu, bayan minti goma sai in ji amon ya karkace. Ko jabu aka sayar mini?

AMSA: Da wuya, ɗan'uwa. Tsirkiyoyin ukulele na nailan ne ko wani dangin roba, kuma sababbi suna miƙewa har tsawon mako ɗaya zuwa biyu kafin su zauna, saboda haka ka yi ta saitawa duk lokacin da ka ɗauke ta. Ka yi amfani da 'yar na'urar saiti da ake maƙalawa a kanta ko manhajar waya. Tsirkiyar A tana kan girgiza 440 a daƙiƙa, G kuma tana kan 392, wato tana sama da C da E duk da cewa ita ce ta farko daga sama, kuma wannan ne yake ba ukulele ƙarar nan tata mai haske. Na faɗi haka ne domin masu koyo da suka saba da jita sukan zaci ta yi tsauri da yawa su sassauta ta. Idan za ka saita, ka sassauta tsirkiyar ta sauka ƙasa da inda ake so, sannan ka murɗa kunnen a hankali ta hau zuwa wurin, domin wadda aka sauko da ita daga sama takan zame.

Idan bayan mako biyu abin bai daina ba, ka duba sukurorin kunnuwan ko sun kwance. Sannan ka yi wannan gwajin: ka kaɗa tsirkiya sake, ka danna ta a gurbi na goma sha biyu ka sake kaɗawa. Na'urar ya kamata ta nuna harafi ɗaya a duka biyun. Idan na biyun ya haura sosai, to, tsirkiyoyin sun yi nisa da wuya ko an dasa gadar da ke riƙe su ba daidai ba, wannan kuwa aikin mai gyara ne. Kada ka bar ta a rana ko cikin mota a rufe, domin zafi yana sassauta gam, bushewar iska kuma tana tsaga katako.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, akwai waƙar da nake matuƙar so, na samo kod ɗinta, sai na ga E da B da C#m da A. Na yi mako guda ina fama da E, yatsuna sun ƙi shiga. Wata waƙar kuma kod ɗinta masu sauƙi ne, amma idan na zo rerawa muryata ba ta kaiwa sama. Yaya zan yi? Daga wani ma'aikaci.

AMSA: Malam, tambayoyinka biyu maganinsu ɗaya. Kafin in zo gare shi, ka sani ba kai kaɗai E ya wahalar ba. Siffarsa da aka fi bugawa, 4442, tana cusa yatsu uku a gurbi ɗaya mai ƙunci, kuma ko waɗanda suka daɗe a kiɗan sukan kauce mata idan sun sami hanya. Akwai wata siffar, 1402, wadda take buƙatar miƙa yatsu amma ba ta da cunkoso. Za ka kuma ji ana cewa ka sa E7, wato 1202, a madadinsa. Wannan shawara rabin gaskiya ce: tana aiki idan E ɗin hanya ce zuwa A ko Am, amma a waƙarka E shi ne gida, inda waƙar take komawa ta huta, kuma E7 amo ne na wanda bai iso ba tukuna, don haka zai sa waƙar ta zama kamar tambayar da ba a amsa ba.

Maganin shi ne a ɗauke waƙar gaba ɗaya a sauya mata mataki. Sautukan kiɗa goma sha biyu ne, suna zagayawa kamar lambobin agogo: C, C#, D, D#, E, F, F#, G, G#, A, A#, B, sai a dawo C. Kowane gurbi a wuyan ukulele taki ɗaya ne a wannan zagayen. Idan ka matsar da dukkan kod ɗin waƙa da adadin taki iri ɗaya, raujin bai canza ba, tsayin muryar ne kawai ya canza. Ka ɗauki waƙarka ka ja kowane kod baya da taki huɗu: E zai koma C, B ya koma G, C#m ya koma Am, A ya koma F. Ka ga ashe waƙar da ta hana ka barci mako guda, kod huɗun nan ne na ranar farko suka sauya riga. Abin lura kawai shi ne ƙaramin harafin "m" yana bin kod ɗinsa duk inda ya je, haka ma lambar 7.

Idan kai kaɗai kake rerawa, shi ke nan, ka kaɗa ta a C. Idan kuwa kana son ka bi asalin waƙar yayin da take tashi a waya, sai ka nemi kapo, wani ɗan matsi da ake ɗaurawa a wuyan ya danne tsirkiyoyin huɗu a gurbi ɗaya. Ka ɗaura shi a gurbi na huɗu ka kaɗa siffofin C da G da Am da F, abin da zai fito shi ne E da B da C#m da A. Ni dai ba na son kapo ya wuce gurbi na uku ko na huɗu a ukulele, domin wuyan gajere ne, hannu yakan rasa wurin zama, amon kuma ya yi siriri ya mutu da wuri.

Batun murya kuma, mawaƙin ya zaɓi matakin da ya dace da maƙogwaronsa ne, babu dalilin da zai sa ka shaƙe kanka a kansa. Ka nemi wuri mafi tsayi a waƙar, wanda yawanci yana cikin amshi, ka rera shi a kan kod ɗin da kake da su. Idan kana ɗaga haɓa kana tauna jijiyar wuya, ka sauya mataki. Jerin nan na huɗu yana da gidaje uku masu sauƙi a ukulele: a C shi ne C, G, Am, F, a G shi ne G, D, Em, C, a F kuma F, C, Dm, Bb. Sababbin da za ka koya su ne D (2220) da Dm (2210) da Em (0432) da Bb (3211), wanda shi ne A# a wani sunan, kuma tsakanin waɗannan gidaje uku, da taimakon kapo na taki ɗaya ko biyu, da wuya a sami muryar da ba za ta sami mazauni ba. Duk da haka kada ka saki E kwata-kwata. Ka ba shi minti biyu a ƙarshen kowane zama, wata rana zai shiga.

TAMBAYA: Ɗana, na yi ritaya, shekaruna sun haura sittin, ina son in koya tare da jikata mai shekara takwas, wadda bahaguwa ce. Wace iri za mu nema, kuma ban makara ba?

AMSA: Baba, Allah ya ƙara lafiya, ba ku makara ba, domin tsirkiyar nailan ba ta cin yatsa kamar wayar jita, ɗan zafin makon farko kuma yana wucewa da zarar kan yatsu ya yi kanta. Girma huɗu aka fi sani. Sofarano ita ce ƙarama, tsawonta kimanin santimita 53, ta dace da hannun jikar taku. Konsat tana kai kimanin 58, tena kuma 66, kuma ɗaya daga cikin waɗannan biyun nake ba ku shawara saboda gurabensu sun fi faɗi ga yatsun babba. Dukkan ukun saitinsu ɗaya, don haka littafi ɗaya zai ishe ku. Ku guji ta huɗun, wato baritan, a yanzu, domin ana saita ta D, G, B, E kamar tsirkiyoyi huɗu na ƙasan jita, siffar da take C a hannun yarinyar za ta fito G a hannunku, ku yi ta musu a kan wanda ya yi kuskure.

Ita kuwa jikar, ku miƙa mata ukulele ku ga yadda za ta rungume ta da kanta. Bahagwai da yawa suna kaɗawa kamar kowa ba tare da damuwa ba. Idan kuka ga karin yana kufce mata har bayan makonni, sai a juya jerin tsirkiyoyin ta kaɗa da hagu, wanda aiki ne mai sauƙi a ukulele saboda kaurinsu bai bambanta sosai ba. Koyar da yara da wannan abin kiɗa ba sabon abu ba ne. A ƙasar Kanada wani malami, J. Chalmers Doane, ya shigar da ita makarantu tun ƙarshen shekarun 1960, dubban yara suka koyi kiɗa ta hanyarta. Ku shirya wa ranar da za ta wuce ku, domin ba za ta yi nisa ba.

TAMBAYA: Malam, ina bin kod ɗin da na samo a intanet daidai yadda aka rubuta, amma abin da nake kaɗawa ba ya kama da waƙar. Kuma da na buɗe baki zan rera sai hannuna ya rikice. Daga wata ɗaliba.

AMSA: 'Yar'uwa, ki fara da zargin takardar kafin ki zargi kanki. Yawancin kod ɗin da ke intanet masu sha'awa ne irinmu suka rubuta da kunnensu, wasu sun dace, wasu sun kauce, wasu kuma an rubuta su ne don jita mai kapo ba a faɗa ba. Ko wadda ta dace, takan ɗora sunan kod a kan kalmar da ba a nan ake sauyawa ba. Ki kunna waƙar, ki rage gudunta zuwa 0.75 idan a YouTube ne, ki ƙidaya da yatsu ki ga bugu nawa kowane kod yake ɗauka, ki rubuta da hannunki. Ki kuma tabbatar waƙar huɗu-huɗu ce, domin akwai masu tafiya uku-uku ko shida-shida, waɗanda salon "ƙasa, ƙasa-sama" ba zai taɓa zama a kansu ba, komai ƙwarewar mai kaɗawa.

Ko an gyara wannan duka, tsirkiya huɗu ba za su maye gurbin ganguna da jitar bes da piyano da aka tara a situdiyo ba, kuma waɗanda suka yi suna da ukulele ba su nemi hakan ba. Israel Kamakawiwo'ole, mawaƙin Hawai wanda kundinsa na 1993 ya zagaya duniya, ya ɗauki tsofaffin waƙoƙin Amurka biyu da aka saba ji da cikakkiyar ƙungiyar makaɗa, ya rera su da murya da ukulele kaɗai a kan kari mai sauƙi, mutane da yawa yau nasa suka fi sani. Jake Shimabukuro, wanda bidiyonsa na kaɗa wata waƙar mawaƙin Birtaniya George Harrison ya bazu a YouTube a 2006, ya bi wata hanyar, ya haɗa rauji da kod a hannu ɗaya ba tare da murya ba, amma wannan aikin shekaru ne. Abin da za ki iya ɗauka yanzu shi ne bambanta sassan waƙa: ki kaɗa baiti a hankali da saukar hannu kaɗai ko da babban yatsa, ki buɗe cikakken salo idan amshi ya zo. Idan waƙar mai ganga ce, ki koyi bugun toshewa, wato ki sauke yatsa a kan tsirkiyoyi ki bi shi nan take da gefen tafin hannu ya kashe amon, ki sa shi a kan biyu da huɗu, inda ƙaramar gangar take faɗawa.

Rikicewar hannu lokacin rerawa tana faruwa ne saboda kalmomin waƙa ba sa sauka daidai kan bugu, hannun kuma yana son ya bi baki. Ki raba aikin hawa-hawa. Da farko ki kaɗa jerin kod ɗin har sai kin iya amsa tambayar wani kina kaɗawa ba ki tsaya ba. Daga nan ki rera raujin da baki rufe, ba kalmomi. Idan za ki shigo da kalmomin, ki koma bugu ɗaya tak a farkon kowane kod, ki ja layi a takardarki ƙarƙashin gaɓar kalmar da bugun ya faɗa a kanta, sannan ki ƙara zuwa bugu huɗu, cikakken salon ya zo daga ƙarshe. Ki ɗauki kanki a waya sau ɗaya a mako ki saurara, domin mai kaɗawa ba ya jin inda yake sauri, kuma kusan kowa yana sauri a amshi. Waƙa ɗaya za ki riƙe har ki kai ta ƙarshe ba tsayawa, kafin ki buɗe ta biyu.